Awaisu, An Kawo Wuta

Ranar Laraba, takwas ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, ina cikin aji ina rubutu a allo, wayata ta yi ta rawa a aljihu har na gaji na fita baranda na ɗauka. Baffa Rabe ne, ƙanen mahaifinka. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya ce, "Almu, sai haƙuri, Awaisu ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya da alli a hannu ina kallon gonar makaranta, masara ta bushe tana jiran karya, na rasa abin da mutum yake yi bayan ya ji irin wannan magana. Yadda mota ta ɗauko ni daga Malumfashi ta sauke ni a Funtua, har yau ban iya tunawa ba. Na dai samu sallarka, na kama makararka, na zuba maka ƙasa da hannuna.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In ina Malumfashi hankalina yana Funtua, in na iso Funtua kuma sai in ji gidan ya yi mini ƙunci in nemi hanyar tasha. Direbobin hanyar nan har sun daina tambayata inda za ni. Kai ka jawo, kuma gara in faɗa maka tun daga farko. Kwamfutar nan taka ta shago, tsohuwar baƙar nan mai gurnanin fanka, ba ta san ka rasu ba. Duk sa'ad da aka kawo wuta sai ta yi ƙara ɗaya, ƙiit, ta tashi da kanta ba wanda ya taɓa ta. Duk sa'ad da ta tashi kuma, mahaifiyarka, Gwaggo Tasalla, sai ta miƙe ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta ƙi ci, ta ƙi magana. Tsohuwa ce mai hawan jini, kullum ƙara zubewa take yi a gaban idonmu. Dangi suka ce a rufe bakin abin nan kafin ya kai ta inda ka tafi, kuma duk zuri'armu ni kaɗai ka taɓa nuna wa inda ake rufe shi. Zan gaya maka yadda muka ƙare. Amma bari in fara ba ka haƙƙinka, don masu karanta wannan su san wanda aka rasa.

Ni da kai taubasai ne. Mahaifina wa ne ga Gwaggo Tasalla, ni ɗan namiji ke nan kai ɗan mace, shi ya sa tun muna yawo ba takalmi nake kiranka bawana. Ba ka taɓa amsawa ba sai sau ɗaya. Kai kuma ka raɗa mini Malam Alli, wai duk ilimina da an goge allo ya ƙare. A gidan suna, a gidan biki, ko gaban manya ne, in muka haɗu sai an tsawata mana kamar ba masu iyali ba. Ranar jana'izarka, muna tsaye a sahu, hular liman ta karkace ta rufe masa kunne ɗaya. Na juya zan taɓa ka in nuna maka, sai na tuna kai ne kwance a gabansa. A nan ne mutuwarka ta fara shigata.

Da rediyon mahaifinka ka fara, Allah ya jiƙansa. Ka kwance ta kana ɗan firamare, ka mayar da ita tana magana, ga sauran notuna a tafin hannunka. Ka sha duka, bai hana ka ba. Har ka bar duniya ban taɓa ganin ka haɗa wani abu noti bai yi saura ba, kuma in na yi maka dariya sai ka ce masu ƙerawa ne suka yi almubazzaranci. Daga rediyo ka koma talabijin, daga nan ka faɗa kwamfuta, ka buɗe shagon nan na ƙofar gida mai ƙofa biyu, ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana buɗewa cikin tsakar gida inda Gwaggo take zama.

Masu gyara suna da yawa a Funtua, kowa da inda ya fi ƙarfi. Naka ƙarfin a wuri ɗaya yake, wurin da kake kira zaure. Ka ce kowace kwamfuta tana da zaurenta. Kafin ta shiga cikin gida, inda hotuna da rubuce-rubucen mai ita suke, takan tsaya a wani shafi da yawancin mutane ba su taɓa gani ba, ta karɓi umarni. A nan ake gaya mata daga ina za ta tashi, da wane sauri za ta yi aiki, ta yi barci in an bar ta ko kada ta yi, da abin da za ta yi in wuta ta yanke mata. 'Yan sana'arku bayos suke ce wa shafin. Kai zaure ka ce, har abokan cinikinka suka ɗauka, ka ga mutum ya sauko daga babur da laftof a cikin buhun taki yana cewa, "Malam Awaisu, a duba mani zaurenta."

Dalilinka a fili yake. Kwamfutocin da ke hannun mutanenmu kusan duk 'yan gwanjo ne, sun gama aiki a wata ƙasa kafin su iso mu, kuma an ƙera su ne don wuraren da wuta ba ta ƙiftawa. A nan kuwa ta zo da ƙarfi ta ƙona caja, ko ta zo a raunane ƙwan fitila ya yi ja, ko ta tafi ba sallama mutum yana tsakiyar aiki. In wani abu ya gaji a cikin na'ura, samun irinsa sai an aika Kano ko Kaduna, a jira, wani lokaci a kawo wanda bai shiga ba. Sai ka zaɓi lallashi. Ka shiga zaure ka rage mata buri, ka kashe mata abin da ba za ta iya ɗauka ba, ka bar ta da abin da za ta iya. Na sha ce maka wannan ba gyara ba ne, bokanci ne. Ka ce to bokan ya fi malamin da allonsa ke gogewa.

Makarantarmu ba za ta manta da kai ba. Wasu bayin Allah sun ba mu tsofaffin kwamfutoci, muka yi murna, muka share ɗaki, muka jera. Da aka kunna sai kowace ta fara tashi, ta kai rabi, fuskarta ta yi baƙi ƙirin. Muka rufe su da tamfol, ɓeraye suka samu unguwa. Wata Asabar na matsa maka ka zo a babur ɗinka, ka iso bayan azahar alhali da safe ka yi alkawari. Ka zauna gaban ɗaya, ka kashe, ka kunna, ka sake kashewa, ni ina ta zagaye ɗakin ina mita. Can ka gano cewa ɓangaren da ke zana hoto a fuskar na'urar ne ba ya jituwa da manhajar da aka zuba mata. Akwai wani layi da kwamfuta ke karantawa kafin ta tashi, sai ka ƙara kalma guda a ƙarshensa, ka gaya mata ta daina neman ƙawa, ta nuna hoto yadda ya sawwaƙa. Ta tashi. Haruffan sun yi manya-manya, launin bai fita sosai ba, amma ta tashi, sauran ma duk suka biyo ta. A kansu yaranmu na ƙauye suka fara ɗora yatsa a kan kwamfuta kafin su shiga jarrabawa. Da muka koma gidana ka cinye tuwon da aka ajiye mini, ka ce bawa ba ya aiki da yunwa, ranar kaɗai ka taɓa amsa sunan.

Mutanen Kafur ma sun zo ta'aziyya, mota guda. Ƙungiyar manomansu tana da kwamfutar da suke rajistar masu neman iri da taki, a janareta take aiki, kuma janaretar tsohuwa ce mai tari. Da ta yi tari sai kwamfutar ta daskare, aikin wuni ya tafi, ga manoma a layi cikin rana, ga damina tana matsowa. Ka je ka rage mata sauri daga zaure, ka kashe duk wani ɓangare da ke jan wuta ba dalili. Ta koma tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi, amma ba ta sake faɗuwa ba. Sakataren ƙungiyar da kansa ya ba mu labari a wurin zaman makoki, cewa ya yi maka ƙorafin ta yi nawa, ka ce masa, "Alhaji, da gudu ta saba faɗuwa, bar ta ta yi tafiyar da za ta kai." Yana faɗa yana dariya, sai ya ja hularsa ya rufe fuska.

Akwai kuma Malama Shafa'atu daga Maska, mai koyarwa a firamare, da take ƙarin karatu. Laftof ɗinta in aka rufe murfinta ta yi barci, ba ta sake farkawa sai an zare batir, kuma duk abin da ta rubuta ya bi iska. Ka hana na'urar barci gaba ɗaya. Ta gama karatunta da ita. Ranar sadakar uku ta hau acaba ta zo, ta zauna cikin mata ba wanda ya san ta, sai da za ta tafi ta nemi a kira mata wani namiji na gidan, aka turo ni. Abin da ta ce in riƙe shi ne, laftof ɗinta ta kwana a shagonka da hotunanta da na 'yan'uwanta mata a ciki, kuma ta tabbata ba ka buɗe ko ɗaya ba. Wannan na san shi tun kafin ta faɗa. Aikinka a zaure yake tsayawa, ba ka leƙa cikin gidan mutane.

Kada ka ɗauka yabo kaɗai na zo da shi. Ba ka san lokaci ba, Awaisu. Gobenka tana iya kaiwa mako, kuma in mai kaya ya zo da faɗa sai ka tare shi da fara'a da ruwan sanyi har ya manta abin da ya kawo shi. Kakan bar baƙo a zaune ka juya kana magana da na'ura. Fankar ɗakin matarka Kausar ta lalace tun ana goyon Nana, 'yarku, ga Nana tana zuwa makaranta yanzu, fanka tana nan yadda take. In kuwa ka ga wani ya fizge filogi daga bango na'ura tana aiki, a nan ake ganin fushinka, ko wane ne shi. Duk wannan na yafe maka, Kausar ma ta ce ta yafe fankar.

Daminar da ta wuce ruwa ya tsare ni a shagonka. Muna zaune ba wuta, kana ɓare gyaɗa kana zuba ɓawon a gwangwanin notuna, sai ga ƙiit daga ƙarƙashin tebur, fanka ta hau gurnani, fuskar kwamfuta ta haska. Na zabura na yi a'uziyya. Ka yi dariya har da tari. Ka ce kai ka umarce ta. Wuta ba ta gaya wa kowa lokacin zuwanta, kai kuma kullum kana kan hanya, yau Kafur gobe Musawa, shi ya sa ka ce mata da zarar ta ji wuta ta tashi ta ci gaba da kwafe ayyukan mutane da ka bar mata, kada a yi asarar ɗan lokacin da aka samu. Sannan ka jawo ni da kujerata. Ka nuna mini madannin da ake dannawa tana cikin tashi, shuɗin shafi ya buɗe, ka gangara zuwa layin wuta, ga zaɓi nan: ta zauna a kashe, ko ta tashi, ko ta koma yadda aka bar ta. Ka ce, "Malam Alli, wannan layin kaɗai na yarda ka taɓa. Sauran duk ni na ɗaure su, in ka kwance ɗaya ba za ta ƙara tashi ba." Na ce me zai kai ni zauren bawana. Ashe akwai abin da zai kai ni.

Ciwon bai ɗauki lokaci ba. Ƙafafunka suka kumbura, ka ce zaman shago ne. Da aka je asibiti aka ce ƙoda. Zuwana na ƙarshe na tarar ka rame, na ce tashi malalacin bawa, aiki na jiranka. Ka buɗe ido, leɓenka ya motsa, na sunkuya na ji ka ce, "Alli." Ban san sallama ce ba, na tafi ina cewa zan dawo ranar Juma'a.

Yanzu ga abin da ya hana ni zama. Ka san gidanmu. Fulatanci ya tsere mana tun zamanin kakanni, kunyar ce kaɗai ta rage, kuma Gwaggo ta riƙe ta da hannu biyu. Kai ne ɗanta na fari, don haka ba ta kiran sunanka, ba ta yabonka, ba ta nuna ta damu da kai. Mai shago take ce maka, ko wancan. Da ka rasu ta zauna a kan tabarma tana amsa gaisuwa ido a bushe, kamar ɗan maƙwabta aka rasa, mata suna ta yaba ƙarfin halinta. Ana cikin zaman makoki, gida cike, bayan azahar aka kawo wuta. Ƙiit daga shago, ga shi a rufe. Mata suka zabura. Wata ta saki kofi. Gwaggo ta miƙe ba ta kalli kowa ba, ta shige ɗaki, ba ta fito ba sai washegari, abincin da aka kai mata ya dawo yadda aka kai shi.

Baffa Rabe ya shiga da bisimilla ya zare filogin daga bango, ya naɗe wayar ya ɗora a tebur, muka ce an gama. Da aka sake kawo wuta sai ga ƙiit. Ya shiga ya tarar da filogi a bango, ya sake zarewa, aka sake maimaitawa. Nan fa magana ta tashi. Wasu suka ce aljanun da ke taya ka aiki ne ba su sami labari ba. Wata tsohuwa ta ce akwai abin da ka bari bai cika ba, shi ya sa ba ka kwanta ba, kuma a gaban Gwaggo ta faɗa. Aka yi hayaƙi, aka yayyafa ruwan tofi a ƙofa, da ƙyar na hana a watsa wa na'urar kanta. Baffa bai yarda da zancen aljanu ba, amma ya ce kayan marayu ne, ba a raba gado ba, ba shi da ikon fasa ta ko fitar da ita daga gidan. Ya dube ni ya ce, "Almu, an ce ya nuna maka. Ka rufe mana shi ta ciki, kada mu yi biyu."

Ni Kausar na zarga. Na ce wa zai jona filogi in ba matar da ke cikin takaba ba, mai neman abin da zai tuna mata da miji. Na tsaya bakin ƙofarta na yi sallama, na tambaye ta a hankali. Daga bayan labule ta ce, "Wallahi Yaya Almu ban taka shagon nan ba tun ranar. Ni in na ji ƙarar nan kunne nake toshewa." Na yarda da ita, na kuma rasa inda zan sa kaina. Na yi ta ja wa Baffa rai, yau in ce makaranta, gobe in ce ba wuta. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji kada in taɓa abin da ka ɗaure in kashe ta har abada, kuma ni kaina ina son jin ƙarar nan. Amma Gwaggo ta kai ba ta iya tashi sai ta dafa bango.

Wata Asabar na yi sammako na iso. Ba wuta. Na zauna, na tashi, na je bakin titi, na dawo, na zagaya bayan gida inda aka shanya masara, na sake dawowa. Kafin azahar aka kawo, ta yi ƙararta, Gwaggo ta shige ɗaki, ni kuma na shiga shago na jawo ƙofa. Warin dalmarka yana nan, hularka tana rataye a ƙusa. Na kashe ta na kunna, na makara wajen danna madannin, ta wuce ni. Na sake, na sake, sannan shuɗin shafin ya buɗe. Na gangara a hankali ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina, na sami layin, na zaɓi ta zauna a kashe, na adana, na kashe ta. Na zare filogi na naɗe wayar. Na fito na ce wa Baffa an gama, ya sa mini albarka. Muna masallaci aka ɗauke wutar.

Bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, ni da Baffa a tabarma, Gwaggo a bakin ƙofarta tana ɓarzar masara a faranti, sai ƙwan da ke rumfa ya kama, yara suka ɗauki ihu a waje. Shago shiru. Baffa ya ce alhamdu lillahi. Na dubi Gwaggo don in ga sauƙin da muka nema mata. Hannunta ya tsaya a kan masarar. Ta karkata kai tana saurare, ta daɗe a haka. Sannan ta dafa bango ta miƙe, ba ɗakinta ta nufa ba, shago ta nufa, na bi bayanta. Wayar da na naɗe da hannuna tana jone a bango. Ta sunkuya ta danna filogin da tafin hannu, ta jira. Ta zare, ta hura shi, ta mayar, ta jira. Ta juyo ta dube ni.

"Almu, na jona shi daidai, kamar kullum. Me ya hana Awaisu tashi?"

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Baffa yana tsaye a ƙofa, shi ma ya ji. Na ce, "Gwaggo, ni na kashe shi, mun ɗauka tsoro yake ba ki." Ta zauna a kujerarka, ta ce, "Tsoron me? In ya yi ƙarar nan nakan ce yana ciki. Sai in shiga ɗaki kada a ga idona." Daga nan ta fashe da kuka, a gabana, a gaban ƙanen mijinta, ƙofa a buɗe, har Kausar ta fito daga ɗaki ta durƙusa ta riƙe mata ƙafa. Mu da muka san kunyarta fiye da kowa, mu ne muka ga tana gudu muka ce aljanu take gudu. Baffa ya cire hula ya share fuska, ya ce, "Mayar mata da shi, Almu."

Mayarwar ta fi kashewar wuya. Na zarce layin na faɗa wani da ban sani ba, na ga rubutu ya canza. Na fita ban adana ba, na sake shiga, na zaɓi ta tashi, na adana, na kashe ta. Ban tabbata na yi daidai ba, ban kuma tabbata ban kwance maka wani ɗauri ba. Na miƙa hannu zan kashe makunnin bango in kunna don in gwada, Gwaggo ta riƙe mini wuyan hannu. Ta ce, "A'a, ba haka yake yi ba. Sai sun ɗauke sun kawo." Muka fito muka zauna muna jiran a ɗauke wuta. Duk faɗin Funtua ban jin akwai wasu masu wannan fata sai mu. Ranar ce kuma masu wuta suka ga damar yin kirki, aka yi magariba tana nan, gari ya waye tana nan. Da kana nan, na san za ka yi dariyar wannan har ka faɗo daga kujera. Dole na kama hanyar Malumfashi ban san abin da na bari ba, duk ƙauyen da muka wuce ina leƙen ƙwayayen fitilun shaguna ko sun mutu.

Ranar Litinin ina aji waya ta yi rawa, lambar Kausar. Na fita da gudu, yara suna kallona. Ba wanda ya yi sallama. Gurnanin fanka na fara ji, an kanga wayar kusa da ita, sannan muryar Gwaggo ta ce, "Almu, ya tashi." Ta kashe.

Na san ƙarfe ne da waya, Awaisu. Gwaggo ma ta sani, ba ta bar sallarta da lazimi ba, kuma ta san inda muka kai ka. Har yanzu ina juya abin a raina, ko taimakonta na yi ko tsawaita mata na yi, ban sami amsa ba. Abin da na gani da idona shi ne ta koma cin abinci. In aka kawo wuta ba ta shiga ɗaki, a tsakar gida take share hawayenta, ta jawo Nana ta ba ta labarin yadda ubanta ya kwance rediyo, kuma da sunanka take ba da labarin.

Ya Allah, ga bawanka Awaisu ya zo gare ka. Ni da wasa nake kiransa nawa, naka ne tun asali. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka yalwata kabarinsa ka haskaka shi. Ka sa amanar mutane da ya tsare ta tsare shi, ka sa duk yaron da ya koyi wani abu a kan na'urar da ya tayar ya zama nauyi a mizaninsa. Ka yafe masa jinkirinsa, kada ka jinkirta masa rahamarka. Ka tashe shi cikin salihan bayinka, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kausar, Allah ya ba ki haƙuri, ya fitar da ke takaba lafiya, ya raya miki Nana ya shirya ta. Ga Baffa Rabe da sauran dangi na Funtua da Malumfashi, da abokan sana'arsa, da duk wanda ya taɓa sauke na'ura a ƙofar shagon nan, Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Gwaggo kuwa, har yau ban iya buɗe baki na yi mata gaisuwa yadda ake yi ba. Addu'a ɗaya nake yi mata a ɓoye. Na'urar nan tsohuwa ce, mai lallashinta ya tafi, ni kuma layi ɗaya kaɗai ka koya mini. Allah ya ba ta haƙurin ranar da za a kawo wuta ta ji shiru.